Baba Labbo, Mai Injin Jan Waya

"Wagga sifika ta mutu, Baba. Tun wancan mako na hwaɗa maka ta mutu."

"Muryar ce ta mutu," in ji Baba Labbo, yana jingine kekensa jikin rumfar. "Maganaɗisun da ke bayanta bai ma san an yi rasuwa ba. Miƙo ta nan."

Yusha'u mai gyaran rediyo ya laluba ƙarƙashin teburinsa, ya jawo sifikar da takardarta a yage, ya miƙa yana girgiza kai.

"Kai da awakin tasha, ba ku bar ma bola komi ba."

"Awaki sun hi ni sa'a, su suna ƙiba. Ina fankar da kac ce wani Alhaji zai kawo?"

"Ya ce sai ya yi shawara da iyali."

"A kan fankar da ta ƙone tun bara? To, Allah ya ba su haɗin kai."

Wannan hira na ji ta da kunnena ba sau ɗaya ba, ina wucewa ta bakin tashar Tsafe da jakar littattafaina. Da ita safiyar Baba Labbo take farawa. Bayan sallar asuba zai hau kekensa daga 'Yandoto, ya biya rumfar Yusha'u ya ga abin da ya mutu a makon, sannan ya ƙarasa makarantar sakandaren da muka yi tun ba a kaɗa ƙararrawa ba. Ya buɗe lab, ya share, ya ɗebo ruwa a rijiya ya cika jarkoki, domin famfon ɗakin a sanina bai taɓa ɗigo ba. Ya wanke kwalabe ya kife su. Ya goge ma'aunai ɗaya bayan ɗaya da tsumman da yake ajiyewa a aljihun gaba. A takardar aiki, sunansa mai kula da ɗakin gwaje-gwaje. A bakinmu kuwa, Allah ya yafe mana, Baban lab ne kawai, wanda ake aika ya kira wane.

A watan Disamban da ya wuce, na 1998, ya ajiye aiki bayan shekara talatin da ɗaya. Lokacin jarrabawa ne, kowa na ta kansa. Ya miƙa makullai a ofis, ya ɗaura akwatin ƙarfensa a bayan keke, ya fita ta ƙofar da ya saba shigowa. Ba a tara kowa ba. Abin da ya fi wannan zafi, wanda kuma ya sa na ɗauki alƙalami, shi ne tun kafin ya tafi, fiye da shekara guda, ya daina koya wa yara abin da ya fi kowa iyawa a garin: haɗa ƙaramin injin lantarki da hannu. Ya tafi da iyawar a yatsunsa, bai bar ta wurin kowa ba. Ni ne sanadi, kuma zan faɗi yadda aka yi.

Baba bai wuce aji huɗu na firamare ba. A shekarun baya aka kawo wani malamin Fiziks ɗan Ghana, mutum mai son ya ga abu yana motsi a gaban ɗalibai. Duk ranar gwaji Baba na tsaye a baya da bokiti da tsumma, yana kallo. Malamin ya lura, ya riƙa rage sauri idan ya zo wurin da ke da wuya. Da ya koma ƙasarsu, makarantar ta yi shekaru, wata shekarar akwai malamin Fiziks, wata babu. Lab bai rufe ba ko sau ɗaya. Baba bai taɓa tsayawa gaban allo ba, bai taɓa ɗaukar alli ba. Yakan ce allo na malamai ne. Shi dai zai zauna a kan benci da rana bayan an tashi, ya buɗe akwatinsa, ya ce yana duba kaya ne, wanda yake so ya tsaya ya taya shi dubawa. Da wannan duba kayan aka yi ta cin jarrabawar gwaji a makarantarmu.

Bari in kwatanta injin, don wanda bai taɓa gani ba. Irin wanda ke juya fanka ne, sai dai an tsiraita shi har ba abin da ya rage sai ƙashi. Baba zai warware jan waya siririya daga cikin fankar da ta ƙone, ya naɗa ta a jikin babban batirin tocila sau ashirin, yana ƙirgawa a bayyane, ya zare ta ta zama zobe. Bakin wayar biyu ya bar su a miƙe, ɗaya dama ɗaya hagu, kamar mutum ya buɗe hannuwa. Ya yanko tsohon silifa ya zama gindi, ya kafa manyan fil biyu a kai, ya ɗora hannuwan zoben a cikin idanunsu. Maganaɗisun sifika a ƙasa, batir biyu a gefe, an ɗaure su da robar tayar keke. Shi ke nan kayan. Kowane yaro zai iya tara su a mako guda.

Sirrin yana wurin kankara. Ita jan waya tana da wani siririn ɓawo mai sheƙi da ke hana wuta fita. Hannu ɗaya Baba yakan kankare shi tas da reza. Ɗaya hannun kuwa sai ya kwantar da shi a bakin benci, ya kankare rabin sama kaɗai, ya bar rabin ƙasa da ɓawonsa.

"Rabin juyi ta ci wuta, rabin juyi ta huta," haka yake cewa. "In kunka ba ta wuta ko'ina, turin gaba da turin baya za su yi ta kokawa, ta tsaya tana rawa wuri guda. Ku bar mata inda za ta huta, saurinta shi zai kai ta."

Sai ya ɗan taɓa zoben da ɗan yatsa. Na karanta abubuwa da dama a rayuwata, na ga yadda marubuta ke kwatanta fitowar rana da zuwan damina, amma ban taɓa karanta abin da ya kai wannan daƙiƙar ba: zoben waya da aka ciro daga bola ya ɗauki gudu shi kaɗai, yana wata 'yar ƙara kamar ƙudan zuma, har ya zama inuwa ja a kan benci. Yara goma sha biyar su yi tsit. Baba kuwa ba injin yake kallo ba, fuskokinmu yake bi ɗaya bayan ɗaya.

A watan Afrilun 1997, ba a daɗe da ba mu jiha ba, aka shirya gasar kimiyya ta makarantun sakandare a Gusau. Makarantarmu ta tura mu biyu, ni da abokina Jonathan, wanda mahaifinsa Malam Yakubu ma'aikacin gona ne a Tsafe. Malamin Fiziks ɗinmu a shekarar ɗan bautar ƙasa ne, mutumin kirki, sai dai aikin gona ya karanta, kuma bai ɓoye mana ba. Mako uku muna zama da Baba a kan benci. Sau biyar ya sa muka warware naɗin muka sake. Ranar tafiya aka ce ya biyo mu, saboda ana buƙatar mai riƙe kwali.

A ƙofar zauren gasar aka tsayar da shi. Malamai da ɗalibai masu kati kaɗai ke shiga. Bai yi musu ba. Ya miƙa mana kwalin, ya ce mu riƙe shi a tsaye, ya koma gindin wata darbejiya kusa da taga.

Da muka shiga, jikina ya yi sanyi. Teburin da ke kusa da namu sun zo da gida na katako an shafe shi da fenti, fitilu na kamawa a ciki. Wasu sun zo da abin tace ruwa a cikin gilashi. Namu kuwa gindin silifa ne da robar keke. Mu kuma mutanen gida ne, mun taso mun ga idan baƙi za su zo ana goge kwanuka har sai sun ɗauki ido. Malaminmu ya tafi rubuta sunaye. Na aro samfefa, takardar goge katako, a teburin masu gidan katako, na ce wa Jonathan bari mu ɗan gyara masa fuska. Na goge fil, na goge bakin batir. Na dubi hannun zoben nan mai rabin ɓawo, ya yi mini kama da aikin da aka bari ba a ƙarasa ba. Na san dalilin rabin, wallahi na sani, na ji shi ya fi sau ashirin. Amma a wannan lokacin alƙalai kawai nake gani, da yadda za su ce yaran Tsafe ƙazamai ne. Na goge shi tas har yana walƙiya.

Jonathan ya haɗa batir ya taɓa zoben. Zoben ya yi gaba, ya dawo baya, ya tsaya yana karkarwa.

"Me ka yi?" ya tambaye ni da ƙaramar murya.

"Na goge ne kawai."

"Ka goge wane wuri?"

Na nuna masa hannun zoben. Alƙalai suna tebur na uku, mu muna na tara. Ba mu zo da wata waya ba.

Jonathan ne ya je taga. Baba ya taso, ya sa fuskarsa tsakanin ƙarafa, ya ce a ɗago masa zoben. Kallo ɗaya ya yi masa. Bai tambayi wanda ya yi ba. Ya waiga dama da hagu, sai idonsa ya faɗa kan wata malama da ke zaune a cikin zauren dab da tagar tana fifita da takarda. Madam Asabe sunanta, daga baya na sani, kuma ɗalibanta ma suna cikin gasar.

"Madam, barka da hutawa. Don Allah ko kina da jan farce cikin jaka?"

Ta dubi farin gemunsa, ta dubi hularsa. "Baba, naka ne ko Inna za ka kai wa?"

"Na wani mara lahiya ne, ga shi nan a hannun yaro."

Ta leƙa, ta gane, ta yi dariya har tana dafa ƙirji. Ta buɗe jaka ta miƙa masa 'yar kwalbar. "In sun ci yarana, Baba, kai zan kama."

"Na yarda, Madam. Ki kama ni bayan an tashi."

Ya tsinko tsinken tsintsiya a ƙasa, ya tsoma, ya zuro hannuwansa biyu ta tsakanin ƙarafan taga. Jonathan na riƙe da zoben, shi kuma ya ja layi ja siriri a rabin ƙasa na hannun wayar, daidai inda ɓawon yake kafin in goge.

"Ku hura mai a hankali, awa kunun jinjiri. Kada ku ɗora sai ya bushe."

Muka yi ta hurawa, ni da Jonathan, kamar masu tofi. Alƙalai na barin tebur na takwas muka ɗora shi. Jonathan ya taɓa. Zoben ya ɗauki gudu.

Babban alƙalin, wani malami mai tabarau daga wata babbar makaranta, ya sunkuya ya daɗe yana kallo. Ya sa aka cire batir, ya ɗaga zoben, ya ga jan layin, ya shinshina, ya yi murmushi. Ya tambaye mu amfaninsa, na bayyana masa tiryan-tiryan, maganar Baba ce na juya zuwa Turanci. Ya gyaɗa kai. Sannan ya tambaya wa ya koya mana wannan dabara.

Tagar na bayana, taku uku. Na san yana nan, ina jin inuwarsa a wuyana. Na tuna koɗaɗɗiyar rigarsa da takalmin robarsa, na dubi zauren cike da masu kwat da manyan riguna. Na buɗe baki na ce, da Turancin da nake taƙama da shi, a littafi muka karanta.

Turancin Baba ba shi da yawa. Amma mutumin da ya yi shekara talatin a makaranta ya san kalmar littafi a kowane harshe.

Mun zo na biyu. A takardar yabo aka rubuta sunana da na Jonathan da na malaminmu. A mota, Baba ya ɗora kwalin a cinyarsa har Tsafe. Da muka tsaya a Kwatarkwashi ya miƙa hannu ta taga ya saya mana rake, ya ce, "Kun yi ƙoƙari, ɗiyana." Na sha raken nan, har yau ina mamakin yadda ya wuce mini a maƙogwaro. Jonathan bai yi mini magana ba kwana huɗu. Na yi niyyar zuwa lab in ba da haƙuri, na ce bari sai an gama jarrabawa. Aka gama, na ce bari sai sakamako ya fito. Sakamako ya fito ina Gusau wurin yayana a Damba.

Baba Labbo, kai ne wanda aka hana shiga ta ƙofa ka yi aikinka ta taga. Kai ne ka roƙi jan farce a gaban jama'a da farin gemunka, don kada yara biyu su koma gida da kunya, alhali ɗayansu shi ya jawo wa kansa. Ka rufa mini asiri, bayan minti goma ni kuma na share sunanka, kana tsaye kana ji.

Ba ni kaɗai na ci daga hannunka ba. A Damba akwai Mahadi mai naɗin fanka da injin ban ruwa, wanda manoma ke kawo wa aiki tun daga Bungudu. Ran nan na kai masa fankar yayana, da ya ji daga inda na fito sai ya ajiye abin da ke hannunsa.

"Ka san Baban lab? Ni ban gama makaranta ba, a aji uku na tsaya. Ran da zan tafi ya kira ni ya ba ni maganaɗisu biyu da ƙullin waya, ya ce hannuna ya iya ƙirga naɗi, kada in bari ya manta. Duk abin da ka gani a shagon nan daga wannan ƙullin ya fito."

Shi ne ya faɗa mini Baba ya yi ritaya ya koma garinsu Karakkai, can wajen Bungudu. Shi ne kuma ya faɗa mini abin da ban sani ba: tun bayan gasar nan akwatin bai sake buɗuwa ba. Yaran da suka biyo bayanmu sun je sun same shi a kan benci, ya ce su yi haƙuri, idonsa ya daina ganin siririyar waya.

A farkon wannan shekara aka kawo sabon malamin Fiziks, Malam Mas'udu, saurayi mai himma da bai daɗe da gama kwaleji ba. Ya ga sunana a takardar yabon da ke rataye a ofis, ya aiko a neme ni. Gasar bana ta kusa, sun haɗa injin sau uku yadda littafi ya zana, ya ƙi tashi. Ya gaya mini gaskiya: ya san lissafinsa, zai iya cika allo da shi, amma bai taɓa haɗa shi da hannu ba, yara kuma sun fara kallonsa wani iri. Na je Tsafe da ƙarfin gwiwa. Na duba kankarar, daidai take. Na sake batir, na matso da maganaɗisu. Yini guda ina fama, zoben ya yi juyi ɗaya ya kwanta. A ranar na gane ko wancan na gasar, hannuna ne ya naɗa, amma idon Baba ne ya haɗa.

Ranar Asabar ta ƙarshen watan Fabrairu na sa injin a kwali, na biya wa Jonathan, muka shiga motar Bungudu. Mun iske Baba da hantsi a ƙofar gida, yana ɓarar gyaɗa a faifai, wani rago ɗaure a gefe yana jiran ɓawo. Ya rame kaɗan. Ya gane mu tun daga nesa.

"A'a, ɗan Yakubu. Kai ne kag girma haka? Ina babanka, har yanzu yana raba ma mutane irin da ba ya tsira?"

"Ya ce in gaishe ka, Baba. Ya ce gonarka ce ba ta da kirki."

"Hwaɗa mai na ji, zan rama."

Ni ma ya amsa gaisuwata da sakin fuska, ya tambayi yayana, ya tambayi karatu. Da ya ɗaure fuska da ya fi mini sauƙi. Matarsa, Inna Tambaya, ta fito da kwaryar fura ta ajiye, ta tsaya daga bakin zaure. Na tambaye shi jikin ido.

"Sai godiya. Tsuhwa ce."

"Wane ido?" in ji Inna. "Shi ka zura mini zare cikin allura in nawa ya gaza. Jiya ma shi yac cire ma jikanyarmu ƙaya a ƙahwa."

"Ke, Tambaya, ba ki da aiki ciki?"

"Ina da shi. Na dai ce kada a ɗora ma ido laihin da bai yi ba." Ta shige.

Na sauka daga tabarma na durƙusa. Duk jawabin da na tsara a mota ya gudu. Na ce, "Baba, ranar Gusau, da aka tambaye ni, na ce a littafi na karanta. Ƙarya na yi. Kunya na ji, kuma ban san kunyar me ba. Ka yafe mini."

Ya ci gaba da ɓarar gyaɗarsa, guda uku ko huɗu, kafin ya yi magana.

"Tashi ka zauna. Na yahe maka tun cikin mota, yaro kake. Ba hushi niy yi ba. Na dai koma gida na yi tunani. Na ce, Labbo, ga yaro mai ilimi, ya san abin da ake hwaɗi gaban manya da wanda ba a hwaɗi. In sunanka ba na hwaɗi ba ne a wurin, ƙila kai ne ka daɗe kana shiga abin da ba naka ba. Sai na ja hannuna."

Na taɓa karanta cewa akwai maganar da ta fi mari zafi, ban gane ba sai a tabarmar nan. Da zagina ya yi, da na sami abin riƙewa. Ashe ba sunansa kaɗai na share ba. Na sa dattijo ya yi shakkar shekara talatin na rayuwarsa, yara aji biyu kuma suka wuce ba su ga zoben nan yana juyawa ba.

Jonathan ya buɗe kwalin, ya ajiye injin a kan tabarma. Baba ya yi kamar bai gani ba. Ya ɗauki gyaɗa, ya ajiye. Ya saci kallo. Can ya goge hannunsa a riga.

"Wa yan naɗa wanga?"

"Sabon malami da yaransa."

"Kankara ta yi. Amma ku duba, hannun dama ya hi na hagu sauka, ba su kan layi guda. Gehe guda ya yi nauyi, dole ya kwanta." Ya ɗaga zoben a tsakanin yatsu biyu, ya ɗan murɗa hannun dama sama da babban yatsa, ya ɗora, ya hura masa iska ya ga inda ya tsaya, ya sake taɓawa kaɗan. "Haɗa wuta."

Zoben ya tashi da ƙararsa ta ƙudan zuma. Inna ta leƙo daga zaure. Abin da ya ci mini yini guda bai ci masa minti biyu ba.

Na roƙe shi ya zo Tsafe ko sau ɗaya. Na ce zan sa a tara makaranta gaba ɗaya, in tsaya a gabansu in faɗi abin da ya kamata in faɗa a Gusau. Ya girgiza kai. Ya ce ya riga ya miƙa makullai, kuma ba ya son a tara yara cikin rana saboda shi. Na ce to zan rubuta, jama'a su karanta. Ya ce wannan tsakanina da alƙalamina, shi dai kada in ƙara gishiri.

Ban ƙara ba, Baba. Na gode, a madadina da Jonathan da Mahadi, da duk waɗanda suka tsaya taya ka duba kaya suka fita da abin da ba su shigo da shi ba. Allah ya ƙara maka lafiya, ya sanya albarka a gonarka da zuriyarka. Mai karatu, a makarantarku ko asibitinku ko ma'aikatarku akwai wani irinsa, mai share wuri yana riƙe da rabin aikin a hannunsa, ba a kuma san sunan mahaifinsa ba. In kana da abin da ka iya, zauna a benci ka koyar kamar yadda ya yi. In kuwa kai aka koya wa, ranar da aka tambaye ka, faɗi sunan a take. Ni na jinkirta shekara biyu, kuma abin da aka rasa a cikinsu ba zan iya mayar da shi ba.

Ya rako mu har bakin hanya, kwalin a hannunsa, bai yarda mun karɓa ba. Ya tambaye ni shekarun Malam Mas'udu, ya tambaya ko yara suna jin maganarsa. Na ce suna ji, amma tun da injin ya ƙi tashi sun fara raina shi. Mota ta zo ta tsaya. Sannan ya miƙa wa Jonathan kwalin, ya dube ni.

"Tsahe kam ba ni komawa. Amma ka hwaɗa ma malaminku ya zo nan, shi kaɗai, kada ya taho da yaro ko guda. Asabar huɗu zan zauna da shi, in ba shi duk abin da ke hannuna da abin da ke cikin akwati. In ya koma, ya tsaya gaban yaranai ya haɗa da kainai, su gani a hannun malaminsu. Ya zo Asabar mai zuwa, da hantsi."